Farautar Annoba A Cikin Aji

DA kofi 32, da bokitin ruwa ɗaya, da 'yar kwalbar wani sinadari da ba ta fi tsawon yatsa ba, malamin ilmin halittu yana iya ta da annoba a cikin ajinsa, ya kuma sa ɗalibansa su gano mafarinta tun kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, ba tare da ko mutum ɗaya ya yi ciwon kai ba. Wannan darasi ya daɗe da zama ruwan dare a makarantun sakandare na Amurka da Ingila, inda ba kasafai ake jin labarin kwalara ba sai a littafin tarihi. Abin mamaki kuwa shi ne, a ƙasashen da cutar ke ɗibar rayuka kusan kowace damina, ɗalibai da yawa ba su san ta ba sai a matsayin layi uku da malami ya rubuta a allo, watau sunan ƙwayar cutar, da alamunta, da hanyoyin rigakafi. A haddace, a zuba a takardar jarrabawa, a manta.

Ga yadda ake yin darasin. Malami zai zuba ruwa zalla har rabin kofi 31, sa'an nan a kofi na 32 ya zuba ruwan da aka narka ɗan ƙanƙanin soda a ciki, irin wadda masu yin sabulu ke amfani da ita. Ido ba ya iya bambanta su. Kowane ɗalibi ya ɗauki kofi ɗaya, ya tsiyaya kaɗan a wata 'yar kwalba mai lambarsa a ajiye gefe. Daga nan sai a ce kowa ya nemi abokin musaya, su juye ruwansu a kofi ɗaya, su raba biyu, kowa ya rubuta sunan wanda ya haɗu da shi. A yi haka har sau uku, kowane zagaye da sabon aboki. Bayan an gama, malami ya bi kofunan yana ɗiga sinadarin finolftalin. Duk kofin da sodar ta shiga nan take zai koma ruwan hoda, sauran kuwa su zauna fari fat.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. In an samu ƙasa da takwas, to, wasu biyu da suka riga suka kamu ne suka haɗu da juna. Da za a ƙara zagaye biyu kacal, da lissafin yana iya kaiwa 32, watau ajin ɗungum. Sa'an nan akwai abin da ɗalibi ba zai manta ba: wanda ya shafa masa "cutar" bai san yana ɗauke da ita ba. Haka kwalara take, domin mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa nuna wata alama, amma suna fitar da ita a bayan gida har tsawon kwana ɗaya zuwa goma.

Sai dai ainihin aikin yana gaba, watau gano kofin farko. A rubuta sunayen waɗanda suka kamu a allo tare da abokan musayarsu. Wanda ya fara da cutar ba zai yiwu ya yi musaya da wani ba, sa'an nan kofin wancan ya fito fari, saboda haka duk mai irin wannan aboki sai a soke sunansa. Da haka galibi akan rage mutum biyu, mai kofin asali da wanda ya fara haɗuwa da shi, kuma babu wata dabarar lissafi da za ta raba su. Sai an koma ga 'yan kwalaben nan da aka ajiye tun farko an gwada. A nan ɗalibi yake fahimtar dalilin da ya sa jami'in lafiya ba ya tsayawa kan tambayoyi kawai, sai ya ɗebi ruwan rijiya da bayan gidan majinyaci ya aika ɗakin gwaji.

Makarantar da ba ta da finolftalin ba ta da hujjar barin darasin. Ruwan sitaci tsinkakke da ɗigon aidin na kantin magani za su yi aikin, domin aidin yakan mai da sitaci shuɗi mai duhu. Haka nan tatacccen ruwan kanwa da jiƙon zoɓo, domin kanwa takan juya jan zoɓo ya yi duhu-duhu zuwa kore. Abin lura dai shi ne, bayan musaya uku ƙarfin abin da aka zuba ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas, saboda haka wajibi ne malami ya gwada a gida tukuna, kada ya ji kunya a gaban yara. Kuma a ja kunne tun da wuri, babu mai kai kofi baki.

Famfon Titin Broad

Wasan kofi yana da naƙasu guda. Yana nuna cuta mai bi daga mutum zuwa mutum, alhali kuwa kwalara da taifot sun fi yin ɓarna ne idan jama'a da yawa suka sha daga wuri ɗaya da bayan gida ya gurɓata. Don haka malamai kan bi bayansa da labarin da ya faru a unguwar Soho ta birnin Landan cikin shekarar 1854, su raba wa ɗalibai taswirar unguwar da jerin gidajen da aka yi rasuwa, su ce kowa ya ɗiga alama.

Annobar ta ɓarke ne ran 31 ga watan Agusta na shekarar. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu, kafin ta lafa adadin ya kai 616. A wancan zamani manyan likitocin Ingila sun yi imani cewa ɗoyi da gurɓatacciyar iska ne ke kawo kwalara. Dokta John Snow, wanda tun 1849 ya wallafa ra'ayinsa cewa ta baki cutar ke shiga, ya karɓi jerin mamatan ya bi gida gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwa. Ya tarar mafi yawansu daga famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad suke sha. Ran 7 ga Satumba ya gana da hukumar unguwar, washegari aka cire hannun famfon.

Idan ɗalibai suka gama ɗiga alamominsu za su ga sun yi cincirindo a kewayen famfon, sai su ce ai magana ta ƙare. Malamin kirki ba zai bar su a nan ba, domin masu cewa iska ce su ma suna iya nuna taswirar su ce ga inda ɗoyin ya fi yawa. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wuraren da taswirar ta yi fari, da kuma wuraren da alama ta faɗa nesa. Akwai wani gidan gajiyayyu a titin Poland mai mutum 535, mace-mace sun kewaye shi, amma mutum biyar kaɗai suka mutu a ciki, ashe suna da rijiyarsu. Akwai wata masana'antar giya a kan titin Broad ɗin kansa mai ma'aikata wajen 70, babu wanda ya mutu, domin ba sa shan ruwan famfon. Sa'an nan ga wata tsohuwa a Hamsted, nesa da Soho, wadda ta saba da ɗanɗanon ruwan titin Broad har takan sa a kawo mata shi a kwalba. Ta sha, ta mutu, haka ma wata 'yar'uwarta da ta ziyarce ta ta sha. Iskar Soho ba ta je Hamsted ba, ruwan ne ya je.

Akwai abubuwa biyu da littattafai kan tsallake, ya kamata a gaya wa ɗalibai. Na farko, shi kansa Snow ya yarda cewa annobar ta riga ta fara ja da baya kafin a cire hannun famfon, domin jama'a da yawa sun gudu daga unguwar. Na biyu, ba shi ya gano yadda rijiyar ta gurɓata ba. Wani malamin coci ne mai suna Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da niyyar ƙaryata Snow, ya gano cewa wata jaririya ta yi gudawa a gida mai lamba 40, uwarta kuma ta riƙa zuba ruwan wankin tsummokaranta a ramin shaddar gidan. Da aka tona, sai aka ga tsakanin ramin da rijiyar bai kai mita ɗaya ba, ga shi ginin ramin ya zube yana yoyo. Duk wannan an yi shi ne ba tare da sun ga ƙwayar cutar ba. Filippo Pacini ya hango ta a Italiya a 1854 ɗin amma ba a kula shi ba, sai da Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Indiya tsakanin 1883 da 1884. Snow kuwa ya rasu tun 1858.

Daga Landan Zuwa Kano

Wani ɓangaren aikin Snow ya fi dacewa da ɗaliban manyan azuzuwa, domin na lissafi ne. Kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwa a kudancin Landan, sau da yawa a titi ɗaya. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗiba daga kogin Tems a tsakiyar gari inda magudanan ƙazanta ke zuba, na Lambeth kuwa tun 1852 ya mai da wurin ɗibansa can sama da birnin. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, an yi rasuwa 1,263 a gidaje 40,046 na kamfanin farko, an yi 98 a gidaje 26,107 na Lambeth. Ɗalibi da fensirinsa zai fitar da 315 cikin kowane gida 10,000 a gefe ɗaya, da 37 a ɗaya gefen, watau fiye da ninki takwas.

Kafin a kai ga wannan, akan fara da ƙagaggen misali. A ce ƙauye ne mai mutum 90. Mutum 40 sun sha rijiyar kasuwa, 24 daga cikinsu suka kwanta. Sauran 50 ba su sha ba, biyar suka kwanta. Na farko kashi 60 cikin 100 ke nan, na biyu kashi 10, ninki shida. Sai malami ya jefa tarko, ya ce ai dukan marasa lafiya 29 ɗin sun ci tuwo a daren, me zai hana a zargi tuwo? Ɗalibin da ya amsa cewa sai an tambayi masu lafiya 61 ɗin su ma ko sun ci, ya riga ya kama bakin zaren ilmin bin diddigin annoba.

Ba sai an je Landan ba kafin a ga amfanin wannan hanya. Tsakanin Disamba 1995 da Mayu 1996 an ba da rahoton mutum 5,600 da suka kamu da kwalara a Jihar Kano, 340 suka mutu. Masu bincike suka je asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, suka yi wa masu kwalara 102 tambayoyi, suka kwatanta amsoshinsu da na mutum 77 da ke kwance a asibitin saboda sanƙarau, wanda shi ma ya ɓarke a lokacin. Sakamakon ya nuna cewa masu kwalarar sun fi shan ruwan da ake talla a titi, kuma ba su kai sauran shan ruwan famfo a gida ko wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ba. Ɗalibin Kano ko Katsina da aka ba shi wannan labari ya san mai garuwa, ya san kwanon wanke hannu guda da mutum goma ke tsoma hannu a ciki kafin a ci tuwo. Ba ya bukatar a fassara masa.

Girman al'amarin kuwa ba boyayye ba ne. Annobar kwalara ta bakwai da ta game duniya ta faro ne daga Indunisiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A 1971 Nijeriya ta ba da rahoton mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka mutu. A 1991 adadin ya kai 59,478, da rasuwa 7,654. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka mutu, kuma fiye da rabin masu cutar daga jihohi huɗu suka fito, watau Bauci, da Jigawa, da Kano, da Zamfara. Wannan fa cuta ce wadda, in majinyaci ya samu ruwa a jikinsa da wuri, bai kamata ta kashe ko da mutum ɗaya cikin 100 ba.

Abin Da Ke Cikin Ruwan

Bayan lissafi sai a koma ga ruwan kansa. A sa ɗalibai su kawo ruwan kududdufi a kwalba, a ɗaga shi a hasken taga. Mai kaifin ido zai ga wasu 'yan halittu kamar ƙwayar gero da aka raba, suna tsalle-tsalle. Waɗannan su ne ƙuman ruwa da ke ɗaukar 'ya'yan kurkunu. Mutum ya haɗiye su da ruwa, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fasa fata ta fito, galibi a ƙafa, kuma galibi a daidai lokacin noma. Sai a tace ruwan da ƙyalle mai ƙananan ramuka, a duba abin da ya tsaya a kai da gilashin ƙara girma. Da irin wannan ƙyalle, tare da rijiyoyin burtsatse da hana mai kurkunu tsoma ƙafa a tafki, aka ci ƙarfin cutar. Binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 ya samu fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, an ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya da Nijar a 2013, ba tare da allurar rigakafi ko ƙwayar magani ba.

Ƙyallen yana da amfani har ga kwalara, domin ƙwayar Vibrio cholerae takan manne a jikin ire-iren waɗannan ƙananan halittu. A Bangaladash an koya wa matan ƙauyuka 65 su ninka tsohon zanensu sau huɗu su tace ruwa, sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Rabi fa aka ce, ba duka ba.

Wannan gargaɗi ya shafi wani aikin da ɗalibai ke matuƙar so, watau haɗa matatar ruwa da gorar roba, da tsakuwa, da yashi, da gawayi. Ruwa ya shiga jajur ya fito garau, yara su yi ta tafi. Haka alif da garin ƙwayar zogale kan kwantar da laka. Amma in malami ya tsaya a nan ya koyar da kuskure mai haɗari, domin garau ba shi ne tsarki ba, tsohuwar nan ta Hamsted ma ai don daɗin ruwan take aikawa a kawo mata. Akwai wani gwaji mai araha da aka fito da shi a Indiya a 1982: 'yar takarda ce da aka jiƙa da abincin ƙwayoyin cuta aka sa a kwalba, a zuba ruwa a toshe, in ya koma baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai alamar bayan gida ya shige shi. Gwajin ba ya nuna kwalara ita kanta, amma ya isa a jera kwalba huɗu, ɗanyen ruwa, da tatacce, da tafasasshe, da wanda aka sa wa kulorin, ɗalibai su gani da idonsu wanne ne ya yi baƙi. Ba a buɗe kwalbar da ta yi baƙi a cikin aji, malami ne zai kashe abin da ke ciki da ruwan kulorin mai ƙarfi kafin a zubar.

Darasin da ya fi kusa da ceton rai shi ne ya fi sauƙi. Mai kwalara mai tsanani yana iya zubar da ruwan da ya kai lita guda cikin awa ɗaya, rashin ruwan ne ke kashe shi. Bangon hanji yana da wata kafa da ke shigar da sukari da gishiri tare, ruwa ya bi bayansu, dafin kwalara kuma ba ya toshe wannan kafar. A 1971, a wani sansanin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya da Bangaladash, ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya ƙare, sai Dokta Dilip Mahalanabis ya sa dangi su riƙa ɗura wa majinyatansu ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A aji, kowane ɗalibi ya auna da hannunsa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo. In akwai sikeli, a auna shafaffen cokali da mai tozo a ga bambanci, domin gishirin da ya yi yawa yana iya cutar da yaro. A kuma nanata cewa ƙunshin da ake bayarwa a asibiti ya fi haɗin gida, wanda ya galabaice kuwa a garzaya da shi asibiti ana ba shi a hanya.

Babu shakka akwai cikas. Ajin da ya kai ɗalibai 80 ba ya musayar kofi cikin natsuwa sai an raba shi biyu, minti 40 kuma ba ya isar wasan da binciken bayansa, dole sai an haɗa darasi biyu. Ga kuma malamin da manhaja ke kora, wanda ke ganin duk abin da ba zai fito a jarrabawar ƙarshe ba ɓata lokaci ne. Amma ba za a ce tsada ce ta hana ba, kuma wannan magana ce da ta shafi sufetocin Ma'aikatar Ilmi fiye da kowa, domin su ne ke duba abin da malami ya shirya koyarwa.

Mataki na ƙarshe a wajen aji yake. Ɗalibai su zana taswirar unguwarsu, su sa alamar kowace rijiya da kowace shadda, su auna tsakaninsu da igiya. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji na duniya ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin shadda da rijiya, kuma a tsofaffin unguwanni masu cunkoso da wuya a samu hakan. Sai dai wannan aiki yana bukatar hattara, domin rijiyar da aka ɗiga wa jan alli tana da mai ita, wataƙila ma da ita yake ci da iyalinsa. Don haka shugaban makaranta ya fara ganin mai unguwa kafin yara su shiga gidajen mutane, taswirar kuma in an gama ba a manna ta a bangon titi. Ofishin dubagari na ƙaramar hukuma za a kai ta, tare da sunan makarantar da ranar da aka yi awon.